Magira da Khatun: Hannun Matan Fada a Musuluntar Gidajen Sarauta

Littattafan tarihin da ake karantarwa a makarantunmu sun saba ɗaure musuluntar ƙasa a wuyan sarki guda da shekara guda. Sai a ce Kanem ta musulunta a zamanin Mai Hume Jilmi a ƙarshen ƙarni na 11, Kano a zamanin Sarki Yaji da Wangarawa suka iso daga Mali a ƙarni na 14, Mongol na ƙasar Farisa kuwa a 1295, ranar da Gazan Khan ya yi kalmar shahada. Lissafi ne mai sauƙin hadda, shi ya sa ya daɗe. Amma mutumin Nangere ko Potiskum, inda Karai-Karai da Ngizim da Bolewa suka zauna tun kaka da kakanni a gefen yammacin daular Borno, ba sai an gaya masa cewa addini ba haka yake shiga gida ba. A wannan yanki akwai zuriyoyin da kakanninsu na kusa suka rayu a kan addinin gargajiya, alhali sarakunan Borno sun haura shekara 700 suna salla, kuma har gobe ana samun dangi guda da Musulmi da Kirista a cikinsa. Shahadar sarki aikin yini guda ce. Musuluntar gidan sarauta kuwa, wato irin tarbiyyar da za a yi wa ɗan sarki, da wadda za a aura masa, da inda dukiyar gidan za ta nufa, aiki ne da kan ci zuriya uku ko huɗu, kuma yawancinsa a cikin gida ake yin sa, inda ikon mai gida yake da iyaka ko da shi ne sarkin duniya. Abin da nake son kafawa shi ne, a Borno da ƙasar Hausa, kamar a daulolin Mongol, matan fada ne suka riƙe linzamin wannan aiki na biyu, domin 'ya'ya da aure da wani babban kaso na dukiya duk ta hannunsu suke bi.

Hujja mafi tsufa tana cikin Diwanin sarakunan Borno, jerin sunayen Saifawa da Heinrich Barth ya samu kofensa a Kukawa a 1851. Takarda ce mai rowar magana. Kowane Mai layi kaɗan aka ba shi: sunansa, sunan ubansa, shekarun mulkinsa, wurin da ya rasu. Duk da wannan rowa, marubutan ba su yarda su tsallake sunan uwar sarki da ƙabilarta ba, musamman a ƙarnonin farko: wannan 'yar Tomagra ce, waccan 'yar Kayi, waccan kuma daga Tubu. Wanda yake tsimin tawada haka ba zai ɓata ta a kan abin da ba shi da nauyi ba. A cikin wannan jeri ne aka kawo labarin Mai Biri ɗan Dunama, jikan Hume, wanda ya yi mulki a tsakiyar ƙarni na 12. Ya sa aka kashe wani ɓarawo. Da labari ya kai wa mahaifiyarsa Fasama, 'yar ƙabilar Kayi, sai ta tuhume shi da ƙetare haddin da Alƙur'ani ya yanka wa mai sata, wanda yanke hannu ne ba kisa ba, ta sa aka tsare shi shekara guda cur. A duba abin da wannan ɗan gajeren labari ya ƙunsa. Zuriya biyu kacal bayan musuluntar gidan, uwar sarki ta san hukuncin da ke cikin Suratul Ma'ida, ta san bambancinsa da abin da sarakuna suka saba yi da ɓarayi, kuma tana da ƙarfin da za ta tsare mai mulki ba tare da fadawa sun yi mata bore ba. Ƙarfin nan ba Musulunci ne ya ba ta ba, ta gaje shi ne daga tsohon tsarin Kanem. Abin da ta yi shi ne ta ɗauki tsohon iko ta ɗora shi a bayan sabuwar shari'a. Malaman fada na iya karanta wa Mai Biri ayar sau ɗari, amma babu ɗayansu da zai iya rufe shi a ɗaki.

Kusan shekara ɗari bayan Fasama, a can wani ɓangaren duniya, wata mata ta yi abin da ya fi wannan ban mamaki. Sorgaktani Beki, matar Tolui ɗan Jengis Khan, Kirista ce ta cocin Gabas, kuma a kan Kiristanci ta rasu a 1252. Ita ta haifi Mongke da Kublai da Hulaku da Arik Boke, wato ita ce uwar mutumin da ya rushe Bagadaza a 1258 ya kashe halifan Abbasiyawa na ƙarshe a birnin. Amma marubucin tarihi Juwaini, wanda Musulmi ne kuma ma'aikacin Mongol, ya ba da labarin cewa ta ba da curin azurfa 1,000 aka gina makaranta a Buhara, aka sayi ƙauyuka aka yi wakafinsu domin ciyar da malamai da ɗalibai, ta kuma damƙa kula da ita ga Shaihu Saifuddin Baharzi. Wannan shaihin shi ne wanda ake danganta musuluntar Barka Khan da shi, jikan Jengis na farko da ya hau gadon mulki yana Musulmi, wanda daga baya ya ɗaga takobi a kan ɗan'uwansa Hulaku. Ba ta yi haka da kuɗin miji ko na ɗa ba. Kowace babbar khatun a wurin Mongol tana da nata sansani da ake kira ordo, da bayinta da dabbobinta da dakarunta, da kason ganima da harajin garuruwan da aka yanka mata, kuma tana zuba jari a hannun fatake, waɗanda yawancinsu Musulmi ne. In ta rasu ba a watsa sansanin, wata mace ce daga gidan take gadonsa. To, duk shaihin da ke neman inuwa a ƙarƙashin mulkin da bai san Musulunci ba, ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Haka abin yake a Borno ta wancan zamani. Magira, uwar Mai, tana da garuruwan da ke kai mata haraji da nata ma'aikata. Gumsu, uwargidan Mai, tana da nata. Magaram, 'yar'uwar Mai ta sarauta, ita ma haka, kuma a gidanta ake renon wasu daga 'ya'yan sarki. Mace mai ƙasa da haraji tana iya ciyar da malami, tana iya gina masallaci, tana iya hana a taɓa wanda ya fake da ita.

Sai kuma aure, wanda a gidan sarauta yarjejeniya ce tsakanin ƙasashe. Sunayen manyan sarakunan Borno kansu suna ɗauke da shaidar wannan, don da sunan uwa ake kiran da yawansu: Dunama Dibalemi ɗan Dibala ne, Ali Gaji Zainami ɗan Zainab, shi kuwa Idris Alooma a bakin mutanen zamaninsa Idris Amsami ne, ɗan Amsa. Dunama Dibalemi, a farkon rabin ƙarni na 13, shi ne ya buɗe mune, abin tsarin da Saifawa suka gada tun kafin Musulunci, kuma a zamaninsa ne mutanen Kanem suka kafa makarantar Ibn Rashiƙ a Alƙahira don ɗalibansu da alhazansu. Buɗe mune ya jawo rikicin da ya raba kan ƙabilun da aure ya daɗe yana haɗawa, kuma a ƙarshen ƙarni na 14 Bulala suka kori Saifawa daga Kanem baki ɗaya. Ali Gaji ne ya tsayar da su wuri guda, ya kafa Birnin Ngazargamu a kusa da kogin Yobe a rabin ƙarshe na ƙarni na 15, a ƙasar da yau take cikin Jihar Yobe ta wajen Gaidam. Da aka zo neman sulhu da Bulala, ba takobi kaɗai aka yi aiki da shi ba. Amsa, mahaifiyar Idris, 'yar gidan sarautar Bulala ce, saboda haka lokacin da Idris ya kai yaƙi Kanem yana fuskantar dangin uwarsa ne, kuma wannan zumunci yana cikin abin da ya sa aka iya zama aka raba iyaka. Labaran baka na Kanuri sun ƙara da cewa kafin Idris ya hau, wata mace, Aisa Kili Ngirmaramma, ta riƙe mulkin shekara bakwai. Wasu ruwayoyin sun ce uwarsa ce, wasu sun ce yayarsa. Ita ake danganta wa ginin Gambaru, fada da masallaci na jan bulo a bakin kogi kusa da Ngazargamu, wanda matafiyi Denham ya ga kufansa a 1823. Ruwayar ta ce ta gina shi ne don yaron ya tashi nesa da shagalin babban birni. Idris ɗin da ya fito daga wannan reno shi ne ya yi aikin hajji, ya maye gurbin masallatan zana da na bulo, ya ƙarfafa alƙalai a kan hakimai, ya yi musayar wasiƙu da Sarkin Musulmin Usmaniyya Murad na Uku. Shi ne kuma ya kai hare-hare kan Ngizim na yamma saboda tare hanyar fatake. Ya ci garuruwansu, amma cin gari bai musuluntar da gidajensu ba, sai bayan ƙarnoni, ta hanyar kasuwa da maƙwabtaka da auratayya.

Mai suka na farko zai ce an gina wannan magana a kan rairayi. Imam Ahmad ɗan Fartuwa, babban limamin Idris, ya rubuta littattafai biyu a 1576 da 1578 a kan yaƙoƙin ubangidansa, bai ambaci sarautar Aisa ko sau ɗaya ba, kuma Diwani ma bai sa ta cikin jerin ba. Wannan suka ce mai nauyi, bai kamata a yi mata rufa-rufa ba. Gaskiya ne babu wanda zai iya rantsewa a kan shekarun mulkinta ko dangantakarta da Idris. Amma a tambayi wane ne ya yi shirun, kuma me yake rubutawa. Ɗan Fartuwa malamin fikihu ne da ke son nuna wa duniyar Musulmi cewa ubangidansa halifa ne na gaskiya, a zamanin da Istanbul da Marrakesh ke takarar wannan suna. A ra'ayin malaman mazhabarsa mace ba ta shugabancin al'umma. Mutumin da ke wannan aiki ba zai buɗe littafinsa da cewa mace ce ta riƙe wa halifan gadonsa ba. Shirunsa shaida ce a kan abin da malami yake ganin ya dace a rubuta, ba ta kai ta zama shaida a kan abin da ya faru ba. Mawaƙan fada da masu riƙe da girgam, wato jerin sarakuna, waɗanda ba su da wannan damuwa, sun adana sunanta. Akwai ma alamar cewa irin wannan shafewa ta faru tun da fari: a jerin sarakunan da suka gabaci Hume akwai wani suna, Hu ko Hawwa, a wajen shekarun 1060, kuma masanin tarihi Dierk Lange yana ganin mai wannan suna Musulmi ne, kuma mai yiwuwa mace ce. Ban ɗora komai a kan wannan ba, don zato ne na masani. Labarin Fasama kuwa ba na baka ba ne, a rubuce yake cikin takardar da malaman fada suka yi ta kwafa. Ko da an yi masa ado, sai da suka ga abu ne mai yiwuwa a fadarsu kafin su rubuta shi.

Suka ta biyu ta fi ta farko ƙarfi, kuma rabinta gaskiya ce. Za a ce matan fada su ne ma ƙashin bayan tsohon addini. Dokuz Khatun, uwargidan Hulaku, Kirista ce da ake kafa mata coci a ƙofar sansaninta, kuma Kiristocin Bagadaza sun tsira a 1258 saboda alfarmarta yayin da ake karkashe Musulmi. Uljaitu, ƙanen Gazan, mahaifiyarsa Uruk Khatun ta sa an yi masa baftisma da sunan Nikolas, kuma marubucin Armeniya Hetum ya ce bai bar Kiristanci ba sai bayan ranta. Gazan kansa, bayan ya musulunta, ya so auren Bulugan Khatun, matar mahaifinsa Argun, bisa al'adar Mongol ta gadon matan uba. Da aka gaya masa Musulunci ya haramta, majiyoyin Misira sun ce saura ƙiris ya bar addinin, sai wani malami ya ba da fatawa cewa tunda Argun ba Musulmi ba ne aurensa da ita bai ƙullu ba. A nan gida, Innar Gobir ita ce shugabar 'yan bori a Alƙalawa, daga baya a Tsibiri, haka Iya a Maraɗi. A Biu kuma Magira ta kasance tana zaune a garinta na Kogu tana ajiye da tsofaffin kayan tsarin sarauta. Duk wannan haka yake. Sai dai in an lura, bai rushe maganar ba, ƙarfafa ta ya yi. Ban ce matan fada kullum suna tura gida zuwa Musulunci ba. Na ce su ke riƙe da linzamin. Wanda ke riƙe da linzami yana iya saki, yana iya ja. Uljaitu ya jira mutuwar uwarsa, wato ita ce ta yanke lokacin. Gazan ya yi shirin sadaukar da addinin da ya hau mulki da shi saboda Bulugan, kuma ba kyanta kaɗai ba ne dalili: auren babbar khatun yana zuwa da sansaninta da dukiyarta da goyon bayan danginta. Malamin da ya nemo masa mafita ya gane cewa in aka ce sai an zaɓa tsakanin shahada da cikin gida, ba lalle shahada ta yi rinjaye ba.

Daga nan ne ake gane asalin gardamar da ta taso a wurare biyun, kusan da kalmomi iri ɗaya. Ibn Taimiyya, wanda ya tsaya gaban Gazan lokacin da dakarunsa suka mamaye Dimashƙa a ƙarshen 1299 zuwa farkon 1300, ya ba da fatawar halascin yaƙar Mongol duk da shahadarsu, saboda suna hukunci da yasa, dokar Jengis Khan, tare da shari'a. Shekara 500 bayan haka, da mutanen jihadi suka ci Ngazargamu a 1808, Muhammadu Bello ya kare yaƙin da cewa mutanen Borno suna cuɗanya Musulunci da yanka ga duwatsu da itatuwa da al'adun kogi. Shehu Muhammadul Amin El-Kanemi na Borno kuwa hujjarsa ita ce saɓo ba kafirci ba ne, kuma babu ƙasar Musulmi da ta kuɓuta daga irin wannan, har Misira da Sham. Bello ya adana wasiƙun da suka yi musaya a cikin littafinsa Infaƙul Maisuri. Abin da masu tsauri ke kira cuɗanya shi ne ainihin yadda gidan sarauta ke sauya addini ba tare da ya tarwatse ba. Sarki yana salla a fili tare da malamai da fatake, cikin gida kuma yana sakin tsohuwar al'ada sannu a hankali, wata a wannan zuriya, wata a mai zuwa. Dunama Dibalemi ya gwada yankewa lokaci guda, jikokinsa suka biya da ƙasarsu. Ina ganin El-Kanemi ya fi fahimtar tarihi a wannan gardama, ko da Bello ya fi shi kaifin hujjar fikihu a wasu wurare.

Akwai mutum guda da ya ga fadar Mongol da wata fada ta Afirka ta Yamma da idonsa, kuma abin da ya dame shi a can shi ya dame shi a nan. Ibn Batuta ya sauka a sansanin Uzbak Khan a farkon shekarun 1330, sarkin da ya mai da Musulunci addinin daular Mongol ta yankin kogin Volga. Ya tarar ranar Juma'a bayan salla sarkin yana zama a bainar jama'a tare da matansa huɗu ba lulluɓi, yana tashi ya taryi uwargida Taitugli ya riƙe hannunta har ta zauna. Ya sami ta biyu, Kabak Khatun, tana karatun Alƙur'ani. Ta uku, Bayalun, 'yar sarkin Rum ce, ya raka ta ganin gida zuwa birnin da yau ake kira Istanbul, ya kuma lura cewa da ta shiga ƙasar ubanta sai ta bar masallacin tafi-da-gidanka a baya, aka daina kiran salla, aka shigo da giya. Fada guda, mata huɗu, kowace da inda ta kai a addini. Bayan kimanin shekara ashirin, a 1352 zuwa 1353, yana Mali a fadar Mansa Sulaiman, ya tarar ana ambaton sunan uwargida Kasa a kan mumbari tare da na sarki, domin abokiyar mulkinsa ce bisa al'adarsu. Da suka ɓata ya tsare ta ya ɗaukaka wata mai suna Banju, manyan gari suka ƙi yarda, da abin ya tsananta kuma sai ta fake a gidan limamin Juma'a. Sunan mace a cikin huɗuba, da gidan liman a matsayin mafakarta, sun nuna cewa a ƙarni na 14 ikon matan fada da cibiyoyin Musulunci ba kishiyoyi ba ne, tare suke tafiya.

Suka ta uku ita ce wadda aka fi ji a yau, musamman daga marubutan Turai: cewa ko da matan sun taimaka, kansu suka haƙa wa rami, don da Musulunci ya kafu sai ya kulle su. Ana kafa hujja da Muhammadu Rumfa na Kano, 1463 zuwa 1499, wanda Tarihin Kano ya ce shi ya fara kulle, a zamanin da Shaihu Magili ya zauna a birnin. Amma a ci gaba da karanta littafin, kada a tsaya a wannan layi. Sarkin da ya gaji Rumfa, ɗansa Abdullahi, ya fita yaƙi, ya dawo ya tarar Dagaci, basaraken da asalinsa daga Borno yake, yana shirin tawaye, kuma babu abin da ya hana gari kamawa da wuta sai mahaifiyarsa Madaki Auwa. A zamanin jikanta Muhammadu Kisoki, 1509 zuwa 1565, littafin ya sake jera ta tare da Lamis mahaifiyar sarki da Gulli ɗan'uwan Auwa a matsayin waɗanda ƙarfin sarkin ya dogara da su. Wato mace mafi iko da littafin ya ambata a Kano ta fito ne daga gidan mutumin da ya ƙirƙiro kulle. Binciken Heidi Nast a kan Gidan Rumfa ya nuna cewa sa-ɗakan sarki, daga cikin kullen, su ke kula da hatsin harajin da ke shigowa fada, jakadu mata suna kai saƙo tsakaninsu da ƙauyuka. Kulle ya sauya wurin da ikon yake zaune, ya ɗauke shi daga idon baƙo. Matafiyi ko marubucin da ba ya wuce soron farko sai ya ɗauka babu kowa a ciki. A Farisa ma haka: Gazan ya ja kuɗin shigar sansanonin mata zuwa ƙarƙashin kulawar baitulmali, amma El Kutlug Khatun 'yar Abaka ɗan Hulaku ta yi aikin hajji a 1323 da ayarinta tana rabon sadaka mai yawa, kuma a wajen 1339 an buga kuɗi da sunan Sati Beg 'yar Uljaitu a matsayin mai mulki, ko da yake sarakunan yaƙi ne ke juya ta kuma ba ta daɗe ba.

Inda sukar ta fi kama ƙasa shi ne bayan jihadin 1804. A Zazzau sarautar Iya, wadda ta mata ce a zamanin Haɓe, ta koma hannun maza, alhali a Abuja, Suleja ta yau, inda tsohon gidan ya yi hijira, Iya da Sarauniya sun ci gaba da zama mata. Wannan asara ce ta gaske, ba na musunta. Amma ko a nan sai a dubi abin da Nana Asma'u, 1793 zuwa 1864, ta yi. Mahaifinta Shehu Usmanu ya riga ya caccaki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci a littafinsa Nurul Albabi. Ita kuwa ta tarar da dubban matan Gobir da aka kamo a yaƙi, waɗanda suka saba kai kukansu wurin Inna. Ba ta tsaya zagin bori daga nesa ba. Ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa wa kowane ayari jaji, ta ɗora mata malfa da jan ƙyalle, kayan da matan karkara suka san su a kan Inna, ta tura su ƙauyuka da waƙoƙin karantarwa cikin Hausa da Fulatanci. 'Yar Shehu, 'yar'uwar Bello, matar Waziri Giɗaɗo, ta yi abin da Fasama ta yi shekara kusan 700 kafin ta: ta karɓi tsohon matsayin macen gidan mulki ta sa shi aikin sabon tsari. Maza sun ci Alƙalawa a 1808, amma gidajen Gobirawan da aka zaunar a kewayen Sakkwato da Wurno ta hannun jajis suka koyi alwala da farillan salla.

A Borno ma sarautar Magira ba ta mutu da faɗuwar Ngazargamu ba, ba ta kuma mutu da ƙarewar Saifawa a 1846 ba. Gidan El-Kanemi, gidan malamai ne tun asali, ya ɗauke ta ya tafi da ita Kukawa, kuma uwar Shehu ta ci gaba da riƙe garuruwa masu kai mata haraji kamar sauran manyan fada. Abin da ya raba ta da ƙasa ya zo ne daga wata kusurwa dabam. Da Turawan Ingila suka kama Borno a 1902 da Kano a 1903, sun tarar da tsarin da basarake ko basarakiya ke zaune a birni tana cin harajin garuruwa warwatse ta hannun wakilai, suka ga ba zai yi musu lissafi ba. Suka haɗe garuruwan suka yi gundumomi, suka ce kowane hakimi ya tashi ya koma gundumarsa da zama, haraji ya riƙa shiga baitulmalin En'e, a biya masu sarauta albashi. Uwar sarki ba za ta bar fada ta koma ƙauye ta zauna tana karɓar baƙuncin Di'o ba, kuma Turawan ba su tanadi kujerar hakimi don mace ba. Harajin hatsin da sa-ɗakan Kano ke kula da shi ya koma kuɗi da rasit a hannun ma'aji da malaman ofis. Mai Babban Ɗaki, uwar sarki a Kano, da Magira a Borno suka rage da suna da girma da gaisuwar salla, ƙasar da suke ciyar da malamai daga cikinta kuwa ta shiga littafin gunduma.